Kirik a Kan Rairayi: Me Ke Riƙe da Mota Idan Yaro Yana Ƙarƙashinta?

Kwaltar da ta taso daga wajen Maradi ta bi ta Sabon Mashi da Kornaka ita ce ke kai matafiyi Dakoro. Wanda zai shiga ƙauyukan Korahane kuwa, tafiyarsa ta ƙarshe a kan turbar rairayi take, tsakanin gonakin gero da wake, inda kututture da ƙayar aduwa ke jiran taya. Motocin da ke wannan aiki sanannu ne: tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu buɗaɗɗen baya, an loda musu buhuna, an ɗora awaki, mutane sun zauna a kan kayan. Faci a irin wannan hanya ba labari ba ne. Mota ta tsaya, aparanti ya diro, ya jawo kirik (abin da ake ce wa jak a Kano da Katsina), ya kafa shi a ƙasa, ya fara buga hannu. Kafin wani lokaci tan guda ko fiye yana rataye a kan ƙarfen da gindinsa bai wuce tafin hannu ba.

Kirik na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Duk littafin da kamfanin mota ke bayarwa yana ɗauke da gargaɗin kada mutum ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, amma motar da ta iso Dakoro bayan ta wuce hannu huɗu ko biyar ta daɗe da rabuwa da littafinta. Dalilin gargaɗin yana cikin kirik ɗin kansa.

Kirik mai kama da kwalba, wanda direbobin manyan kaya suka fi riƙewa, da mai yake aiki. Tun a ƙarni na 17 masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe cikin mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Joseph Bramah ya gina injin matsa kaya a kan wannan ka'ida a Ingila a 1795, Richard Dudgeon kuma ya fito da kirik mai aiki da ruwa wanda ake iya ɗauka a hannu a birnin New York a 1851. A cikin kirik akwai fistin biyu, ƙarami da babba. A ce kaurin ƙaramin santimita 1 ne, na babban santimita 4: faɗin fuskar babban ya ninka na ƙaramin sau 16. Idan dogon hannun kirik ya ninka ƙarfin damtse sau 15, yaron da ya danna da nauyin kilo 20 ya tura kilo 300 a kan ƙaramin fistin, babban kuma ya ɗaga kilo 4,800. Shi ya sa ɗan shekara goma sha biyar ke ɗaga motar da majiya ƙarfi ashirin ba za su iya cira ba.

To amma da ya saki hannu, me ya hana man komawa inda ya fito? Wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne da bai kai ƙwayar wake ba, yana zaune a bakin rami ya toshe shi, sai zoben roba da ke kewaye da babban fistin, sai kuma ɗan notin da ake murɗawa idan za a sauke. Abubuwa uku ke nan, kuma rairayi abokin gabar dukansu ne. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta maƙale a ƙarƙashin ƙwallon, mai zai riƙa zurarewa a hankali, mota na sauka ba wanda ya ji ƙara. Kirik ɗin da ke kwance a bayan mota cikin ƙurar hunturu, sandarsa a waje, duk lokacin da aka mayar da ita ciki tana jan ƙasa ta kankare robar. Zafin watan Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana tsinka man ya ƙara masa saurin yoyo. Ga kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gareji: idan man kirik ya ragu a zuba masa man birki, ko baƙin man da aka juye daga inji. Man birki yana cin irin robar da ke cikin kirik. Baƙin mai kuwa cike yake da garin ƙarfe. Kirik yana da nasa man, kuma kwalba ɗaya tana kai shi shekaru.

Sai dai a ƙasar Dakoro, kafin kirik ya ci amanar mutum, ƙasa ce ke fara ci. A nan ne lissafin ya fi daɗin bi. Gindin ƙaramin kirik bai wuce santimita 10 a 12 ba, wato murabba'in santimita 120. Idan tayar baya ta motar da aka loda tana ɗauke da tan 1, kowane murabba'in santimita na ƙasa yana karɓar kilo 8 da ɗoriya. Sakakken rairayi kuwa abin da injiniyoyin gini ke amince masa da shi bai wuce kilo 1 ba. Don haka kirik zai nutse. Da a tsaye yake nutsewa, da da sauƙi, amma ba haka yake yi ba. Gefe ɗaya ke fara shiga, kirik ya karkata, kansa ya zame daga jikin ƙarfen mota. A shimfiɗa katako mai kauri, santimita 30 a 30, a ɗora kirik a tsakiyarsa: nauyin nan ya bazu a murabba'in santimita 900, ya sauko kusa da kilo 1. Mai santimita 40 a 40 ya fi. Raƙumi ya riga kowa sanin wannan, da faffaɗan tafinsa yake wucewa inda kofaton jaki ke lumewa.

Katakon ma sai an zaɓa. Siririn allon da aka ɓalle daga akwati zai lanƙwashe ya tsage. Ana son mai kauri kamar yatsu uku, busasshe, marar tsaga, kuma a share sakakken rairayin sama har a taɓa ƙasa mai ɗan tauri kafin a shimfiɗa shi. Wata dabara da direbobin daji ke yi ita ce su haƙa rami a ƙarƙashin taya maimakon su ƙara ɗaga mota. Dabara ce mai kyau, domin motar da ba ta yi sama sosai ba faɗuwarta ba ta da nisa. Haɗarinta ɗaya: idan ramin ya matso kusa da gindin kirik, rairayi zai zubo cikinsa ya janye ƙasar da kirik ke tsaye a kai.

Akwai kirik mai tayoyi, dogo, wanda ake turawa ƙarƙashin mota a manyan garejin Maradi. Mutane na ganinsa ya fi kowanne aminci saboda faɗinsa. A kan daɓen siminti haka ne. Hannun da ke ɗaga motar ba a miƙe yake tashi ba, lanƙwasa yake yi yana jawowa baya, don haka dole jikin kirik ɗin ya gangara gaba kaɗan-kaɗan a kan tayoyinsa domin kansa ya zauna inda aka sa shi. A rairayi tayoyin sun nutse, ba sa gangarawa. Sai ya zama ko dai ya jawo motar gaba ɗaya, ko kansa ya sulluɓe. Wanda ya sayi irinsa don garejin da ba daɓe, sai ya haɗa da faffaɗan farantin ƙarfe ko katakon da zai gangara a kai.

Mota kuma tana iya gudu daga kan kirik ko da kirik bai yi laifin komai ba. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Idan bayan aka ɗaga, na gaba a sake suke. Wasu na cewa ai na sa ta a giya. Giya tana riƙe mota ne muddin tayoyin da inji ke juyawa duka biyu suna ƙasa. Da zarar ɗaya ta bar ƙasa, na'urar da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu za ta bar wadda ke sama ta juya a banza, motar ta gangara. Maganin shi ne waigi, gaba da bayan tayar da ke can ɗaya kusurwar: idan tayar baya ta hagu za a cire, ta gaba ta dama ake tokarewa. A yankin da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga dutsen kirki ba, waigin katako abin ɗauka ne daga gida.

Sannan a sauke mutane. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin fasinjan da ya samu wuri a kan buhu ba ya son ya rasa shi, tsohuwa kuma hawa da sauka wahala ne gare ta. Amma mutum ɗaya idan ya diro daga bayan motar da ke kan kirik, girgizar ta isa. Haka kwance noti: ana sassauta su tun taya tana ƙasa. Wanda ya bari sai mota ta tashi sannan ya hau kan sifana yana tsalle, da ƙafarsa yake turo ta.

Canza taya ba ya buƙatar kowa ya shiga ƙarƙashi, in dai an kiyaye hannu da ƙafa. Matsalar tana zuwa ne idan sifirin ya karye, ko mai na zuba, ko wani abu na ƙara a ciki, maigida ya ce: «Kai yaro, leƙa ka gani, minti ɗaya ne.» Ba maigidan ke shiga ba. Yaron da ke koyon aiki ne, wanda abincinsa da makomarsa ke hannun mai ba da umarnin, kuma tarbiyya ta hana shi cewa a'a. A ganina duk maganar kiyaye haɗari da aka yi wa yaran gareji ba a yi wa iyayen gidansu ba, an yi ta ne a banza.

Abin da ya kamata ya karɓi nauyin kafin kowa ya shiga shi ne matokarin ƙarfe: ƙafafu uku ko huɗu a buɗe, sanda a tsakiya da ake ɗagawa a soke ta da ƙusa mai kauri. Ba mai a cikinsa, ba roba, babu abin da zai yi yoyo. Ana ɗaga mota da kirik, a sa matokari biyu a ƙarƙashin shasi ko aksul, a sauke motar a hankali har ta zauna a kansu, sannan a kama ta a girgiza da ƙarfi. Idan za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu. Kirik a bar shi a wurin yana taɓa ƙarfe, ba ya ɗauke da komai. Ƙafafun matokari sirara ne, sun fi kirik saurin shiga rairayi, saboda haka kowanne da nasa katakon. Adadin tan da aka rubuta a jikinsu kuma galibi na biyun ne a haɗe, ba na guda ɗaya ba. Ba a sa su a ƙarƙashin kaskon man inji, ko tankin mai, ko sirarran sandunan sitiyari, ko jikin da tsatsa ta cinye.

Kayan kanti ma ba a rufe ido a kansu. A shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 daga hannun masu saye, domin haƙorin da ke kama sandar yana iya sakinta idan mota ta motsa. Waɗannan irin masu haƙora ne. Mai ƙusar da ke ratsa sandar daga gefe zuwa gefe ya fi sauƙin dubawa da ido, kuma irinsa mai walda a Dakoro zai iya ƙerawa. Sharaɗin shi ne bututu mai kauri, ƙafafu a ɗaure da juna ta ƙasa don kada su baje, walda ta kewaye ko'ina ba ɗigo-ɗigo ba, ƙusar kuma ta ƙarfe mai tauri, ba guntun rodin gini ba.

Inda babu matokari, katako masu kauri da aka jera a kwance, biyu a miƙe biyu a gicciye, sun fi duk wani abin da ake tsinta a gefen hanya. Itace idan nauyi ya yi masa yawa yana ƙara, yana lotsawa, yana ba da lokaci. Bulon siminti mai rami ba ya ba da sanarwa. A bango yana da ƙarfi domin nauyi ya bazu a kansa, amma idan ƙarfen mota ya danna wuri guda, fashewa yake yi gaba ɗaya. Tubalin laka kuwa ba a ma maganarsa. Ko an samu matokari ko ba a samu ba, tayar da aka cire a kwantar da ita da wilinta a ƙarƙashin shasi, kusa da inda ake aiki. Ba ta cin ko dala, kuma idan komai ya kuɓuce, ratar da za ta bari tana iya zama ratar da ƙirjin mutum ke buƙata.

Domin motar da ta faɗo wa mutum ba lalle ta hanyar karaya take kashe shi ba. Danne ƙirji take yi ya kasa buɗewa, ya fitar da numfashi ya kasa jawo wani, ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan iska ta yanke. Daga turbar Korahane zuwa asibitin gunduma a Dakoro ba tafiyar minti shida ba ce, balle Maradi da ke sama da kilomita 100 daga can. Ceton yana hannun waɗanda ke tsaye a wurin, shi ya sa ba a shiga ƙarƙashin mota ba tare da wani a kusa ba. Ba a jan mutum da ƙafa alhali nauyi na kansa. A ɗaga motar tukuna, da kirik na biyu ko da dogon gungume a matsayin maɓanɓari, wani yana cusa katako ko taya duk ɗan tashin da ta yi don kada ta dawo. Idan an fito da shi, a kwantar da shi a kan allo ba tare da lanƙwasa wuya ko baya ba. Ko ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, saboda jinin da ke zuba a cikin ƙirji ko ciki yana iya ɗaukar sa'o'i kafin ya nuna alama.