Yadda Ƙirji Ke Zuga Numfashi

Mukan ce mutum ya ja numfashi, har a ɗauka huhu ne ke jawo iska da ƙarfinsa. Alhali huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa, ƙirji ne ke yi masa aikin. A ƙarƙashinsa akwai wata faffaɗar tsoka mai kama da ƙwarya a kife, wadda ta raba ƙirji da ciki. Idan ta ɗaure sai ta sauka, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari kuma su ɗaga ƙasusuwan. Ƙirji ya faɗaɗa ke nan, huhu kuwa dole ya bi, domin tantani biyu masu ɗan ruwa a tsakaninsu sun manne shi da bangon ƙirji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga irin haka: ana ɗaga fatar zugazugi, iska na cika ta da kanta. Robert Boyle ya bayyana ƙa'idar tun 1662: in wuri ya ƙaru, matsin iskar da ke ciki yakan ragu. Iskar waje da ta fi matsi ita ke kutsawa ta hanci, in tsokokin suka saki kuma huhu ya tsuke ya kore ta.

Mai musu zai ce bambancin matsin ya yi ƙanƙanta, tunda a lokacin hutu bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 760 na matsin iskar waje ba. Gaskiya ne, amma iska ba ta da nauyi sosai, hanyoyinta kuma a buɗe suke, don haka wannan ɗan bambancin ya isa ya shigar da kusan rabin lita, sau 12 zuwa 20 a minti ga babba. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana asibiti. In wuƙa ta huda bangon ƙirji, iska ta shiga tsakanin tantanin nan biyu, huhu yakan lotsa ko da wuƙar ba ta taɓa shi ba, mutum na ta haki hancinsa a buɗe.

A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard a Amurka suka ƙera huhun ƙarfe, wanda ya ceci masu shan inna da tsokar numfashinsu ta shanye. A lokacin ana kwantar da yaro cikin gangar ƙarfen, kansa a waje, ba a sa masa komai a hanci ko baki. Famfo ya rage matsin cikin gangar, sai a ga ƙirjinsa ya ɗaga, iskar ɗakin ta shiga.