Fam-akshin ta waje ko ƙirar gida? Ka ji wannan kafin ka ɗaga gonarka

 

Yau tambaya ɗaya za mu ɗauka, don ita ta fi yawa a saƙonninku, musamman daga 'yan'uwanmu na wajajen Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa. Tambayar ita ce: mutum yana so ya mallaki bindigar nan da ake kira fam-akshin don kare gidansa, kuɗinsa kuma ba yawa. Ya nemi ta waje ne, ko ya je wurin maƙeri?

Ban ga laifin mai tambayar nan ba. Wanda ya kwana a daji da iyalinsa saboda ɓarayi, wanda ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, ba ya bukatar wa'azi daga ɗan birni. Amma hakkinsa ne a gaya masa gaskiya duka, har da wadda dillali ba zai faɗa masa ba.

Mu fara da ita kanta bindigar. Fam-akshin 'yar'uwar bindigar farauta ce mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Harsashinta kwanso ne cike da ƙananan dalma masu bazuwa idan an harba. Bambancinta shi ne tana da ma'aji a ƙarƙashin bututu mai ɗaukar harsashi kamar biyar zuwa takwas, ka ja hannunta baya ka tura gaba, wani ya hau. Sanannun irinta su ne Remington 870 da ta fito a 1950 da Mossberg 500, duka na Amurka. Waɗannan tsada gare su. Masu arhar da suka cika Afirka ta Yamma yawanci ƙirar Turkiyya ce da Chaina.

To mene ne amfanin ta waje? Ƙarfe. A masana'anta, bututun da ƙarfen da aka yi musamman don jure fashewar albarushi ake yin sa. A Ingila ma akwai gidan gwaji a Birmingham tun 1813, aikinsa kawai a ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum, a harba, in ta jure a buga mata hatimi. Sannan kowace tana da lamba, ana iya bin sawunta.

Matsalarta kuma uku ce. Ta farko kuɗi. Da dala ake sayenta, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Duk abin da ke zuwa ta teku ya bi ta. Ta biyu, harsashi ma daga waje yake zuwa, kenan ba ranar saye kaɗai za ka kashe kuɗi ba. Ta uku ita ce babba: ta wace hanya ta shigo? A shekarar 2017 kaɗai, hukumar kwastan ta kama fam-akshin a Legas har sau huɗu: 661 a watan Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba. Jimla 2,671. A Yulin 2024 kuma aka nuna bindigogi 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar Onne ta jihar Ribas, an ɓoye su cikin ƙofofi da kayan ɗaki, lodin Turkiyya. Ka ga kenan wadda dillali zai kawo maka cikin buhu da daddare, mai yiwuwa ƙanwar waɗancan ce da ta tsallake. Ko kuma an yi ɓarna da ita a wani gari, lambarta na cikin littafin 'yan sanda, kai ba ka sani ba.

Mu dawo gida. Maƙeranmu ba yau suka fara ba. Adaka da bindigar toka sun daɗe a hannun maharba, kuma a kudu garin Awka ya yi suna a wannan sana'a. Ƙirar gida tana da arha, in ta lalace mai gyara na kusa. Amma a nan dole mu raba abu biyu. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, albarushin gargajiya take ci, ƙarfinsa da sauƙi. Harsashin kwanso na zamani kuwa ƙarfinsa ya ninka wancan. Idan aka haɗa shi da bututun da ba don wannan aiki aka yi shi ba, babu gwaji, babu hatimi, ranar da zai tsage a hannunka zai tsage, kusa da fuskarka. Ku tambayi tsofaffin maharba mutum nawa suka sani da suka rasa yatsu ko ido. Ga kuma ƙin tashi lokacin da ake bukata, da tashi da kanta in ta faɗi ƙasa. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa arhar har jini take sha.

Wani zai ce, ai akwai masana'antar gwamnati. Haka ne, DICON na nan Kaduna tun 1964, kuma an sabunta dokarta a 2023. Amma sojoji da jami'an tsaro take yi wa aiki. Ba shago ba ne da manomi zai shiga ya taya.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, wato doka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindiga gida uku. Kashi na farko haramtattu, irin su bindigar soja, mai jigida da fistol. Waɗannan sai da lasisin shugaban ƙasa. Kashi na biyu na amfanin kai, wanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi. Nan bindigar farauta mai baki ɗaya da mai baki biyu suke. Kashi na uku bindigar toka da danginta, wanda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ina fam-akshin ta faɗa? Dokar ta cire duk bindigar farauta mai sarrafa kanta, da wadda ke da na'urar ɗora harsashi, daga kashi na biyu. Abin da bai shiga na biyu ko na uku ba kuwa, na farko ya koma. Shi ya sa a Fabrairun 2018, da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, fam-akshin na cikin jerin da ya lissafa. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba izini kuwa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. A Agustan 2023 ma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Ƙera bindiga ba izini shi ma laifi ne a dokar nan. Wato maƙerin na cikin haɗari, kai mai saye kana ciki.

Na san abin da za ku ce: ai gwamna da kansa ya ce mu kare kanmu. Gaskiya ne. A Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce a ba mutane lasisi, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dalili kuwa, a tsarin mulkin 1999 maganar makamai na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Tsarin mulkin ya yarda ka kare ranka da dukiyarka, amma bai ce ka riƙe kowane irin makami ba. Ranar da aka tare ka a shingen bincike, jawabin gwamna ba takarda ba ne. Kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali.

Mu ajiye doka gefe, mu yi lissafin fili. Bindigar farauta, ta waje ce ko ta gida, amfaninta bai wuce mita arba'in zuwa hamsin ba. AK-47 da ɓarayin dajin Rugu ke yawo da ita tana kaiwa mita ɗari uku, gidan harsashinta na cin talatin. Kuma ba ɗaiɗai suke zuwa ba, a kan babura suke zuwa da yawa. Mutum ɗaya da fam-akshin a soron gidansa bai canza wannan lissafi ba. Sau da yawa ma labarin cewa gidan wane akwai bindiga shi ke jawo su, don su ma nemanta suke.

A cikin birni kuma haɗarin wani iri ne. Mu da muka tashi a unguwannin nan mun san abin da faɗan ƙauraye ya yi mana da adda da gora kawai. Ka ƙaddara bindiga ta shiga wannan rigima. Ka ƙaddara tana ƙarƙashin katifa a gidan da yara goma ke wasa, ko a hannun mutum ranar da ransa ya ɓaci kan iyakar gona. Bindiga ba ta san wanda aka saye ta dominsa ba.

To in ba wannan ba, sai me? Ba zan ce ku naɗe hannu ba. Na farko, idan kai maharbi ne ko kana da tsohuwar bindigar gado, je ofishin 'yan sanda na yankinka tare da mai unguwa ko dagaci ka tambayi matsayin takardarka. Kada ka biya kowa kuɗin lasisi a bayan fage. Na biyu, matashin da ke da zuciyar tsaron garinsu, akwai ƙofar da doka ta sani: rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500, da kuma 'yan banga masu rajista. A can akwai horo, akwai shugaba, akwai wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Mun ga yadda aikin sa-kai marar linzami ya koma ramuwar gayya a wasu wurare, aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wutar ta ƙara ruruwa.

Na uku, kuɗin da mutum ɗaya zai zuba a bindiga, in gari ya haɗa irinsa, zai sayi fitilun sola na mashigar gari, wayoyi da cajinsu ga masu sintiri, da man babur na kai rahoto. Minti goma na gargaɗi kafin su iso ya fi harsashi biyar amfani ga mata da yara.

Na huɗu, mu matsa wa waɗanda muka zaɓa. In dokar 1959 ta tsufa, kuma ni ina ganin ta tsufa, a Majalisar Tarayya ake gyara ta. Katsina na da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai goma sha biyar. Mu tambaye su a fili: me kuka kai gaban majalisa kan 'yan sandan jiha? Me kuka yi kan makaman da ke shigowa ta iyaka?

Amsata ga mai tambaya kenan. Ta waje ta fi ƙarfe, amma tana iya kai ka gidan yari shekara goma. Ta gida ta fi arha, amma tana iya cin hannunka, kuma ita ma gidan yarin ne. Kada ka ɗaga gona saboda ɗayansu.

Ku rubuto mana yadda garinku ke tsara sintiri, ba tare da ambaton sunan kowa ba, za mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya zaunar mana da Katsina lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.