Ɗari ya shigo: wa za a ɗumama, kuma da nawa?

Tun da Disamba ta kama, ranar zubi ta canza kama. Mata na isowa a makare, kowace ta ƙudundune cikin zane biyu, leɓe a tsage, ƙafa duk faso. Mai riƙe da littafi ta kira suna, sai ki ji ana cewa a yi haƙuri sai mako mai zuwa. Ba ciwo aka yi ba, ba biki ba. Kuɗin suna wurin mai icce.

Mu yi lissafin tare. A ce ƙarin icce ko gawayin da kike saye saboda ɗari dala ashirin ne da safe, dala ashirin da dare, wato sefa 200 a yini. Cikin kwana 60 ya zama sefa 12,000, jika goma sha biyu cif. Wadda ke zuba 500 a mako, zubin mako 24 ke nan ya bi hayaƙi. To, kuma ba za a ce a bar yara su kwana suna kakkarwa ba. A Maraɗi da Damagaram, daren Janairu kan sauka wajen digiri 13 zuwa 15, alhali da rana ana kusan 30. Mai ɗakin ƙasa da sauƙi, don bango na riƙe zafin rana. Mai rufin kwano kuwa, kafin asuba ɗakin ya zama randa.

Wannan ja-in-ja tsakanin ɗumi da aljihu ba namu ba ne mu kaɗai. Waɗanda ke da ƴaƴa ko ƙanne a Faransa sun sha jin labarin wata ƴar na'ura da ake mannawa a bango, termosta. Aikinta auna ɗumin ɗaki. Ki sa mata lamba, idan sanyi ya kai ƙasa da lambar ta kunna abin ɗumama gida, idan ɗumi ya kai ta kashe. A 2022, da yaƙin Ukren ya sa gaz ya yi tsada, gwamnatin Faransa ta roƙi jama'a su tsaya a digiri 19. Hukumar da ke ba da shawara kan makamashi a can ta ce ɗakin kwana 16 ko 17 ya isa, kuma duk digiri ɗaya da aka rage yana rage kusan kashi 7 cikin 100 na abin da ake ƙonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Sai ki ga miji da mata suna rigima a kan digiri ɗaya tak, wannan ya ƙara, waccan ta bi baya ta rage.

Abin ya ba mu dariya, amma da muka duba, mu ma muna da termosta. Hannun uwargida ne, shi ke tura icce cikin murhu, shi ke janye shi. Bambancin kawai, su suna da lamba, mu da ido muke yi. Kuma abin da suka gane mu ma ya shafe mu: ba kowane ɗaki ba, ba kowane lokaci ba, ba kowa ba ne ke buƙatar ɗumi iri ɗaya.

A gidajenmu, waɗanda sanyi ke yi wa illa da gaske sanannu ne: jinjiri, tsoho da tsohuwa, mai jego, mai asma ko sikila. Saurayin da ke cika bokiti biyu da ruwan zafi kowace safiya ba ya cikinsu, ya yi haƙuri. Ruwan wanka shi ne babban mai cin icce. Yaran da ba sa zuwa makaranta da safe, me zai hana a bar wankansu sai rana ta take? A cika baƙin bidon a ajiye a rana tun hantsi, kafin azahar sanyinsa ya karye, ko da akwai hazo. Jaririn da aka haifa cikin ɗari, ma'aikatan lafiya na cewa a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Wannan bai cin ko dala. Wankan jego dai ba mu ce a bari ba, kada iyayenmu su yi mana ca, amma ruwa mai ɗumi ya wadatar, ba sai wanda ke saɓule fata ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kuɗi nauyi, kaskon wuta. Mun san yadda ake yi: a zuba garwashi, a shigar ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma don kada ɗumin ya gudu. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Ko garwashin ya yi jajir, ko babu hayaƙi ko kaɗan, tana fita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Idan kun tashi da safe duk ɗaki na ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, kada a ce mura ce ko zazzaɓi ya zagayo. A buɗe ƙofa, a fita da kowa waje, wanda ya galabaita a kai shi likita nan take, kuma a faɗa musu an kwana da gawayi. Kan gaz ma haka yake, na girki ne, ba na ɗumama ɗaki ba.

Don haka zaɓi ɗaya za a yi. Ko wuta a ɗaki da ƙofa a buɗe, ana zaune ido biyu, nesa da sange da mai rarrafe, ko kuma a fitar da kasko, sannan a toshe ko'ina a kwanta. Ba a haɗa biyun.

Idan wuta ta fita, me ya rage? Ƙasa ce ke jan ɗumin jiki, shi ya sa kwali ko buhu a ƙarƙashin tabarma ke yin aikin da ba a zato. Hula da safa ga yara. Riguna biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Kunu mai zafi kafin a kwanta. Ga girki kuwa, murhun Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka sun fi duwatsu uku tattalin icce, balle yanzu da iska ke kwashe wuta.

A ƙungiyarmu an kawo shawara biyu. Ta farko, a sayi icce da gawayi a dunƙule tun Oktoba, kafin su hau, a raba. Wannan ba ta sha gardama ba, sai dai ta bana ta wuce. Ta biyu ce ta ta da ƙura: a ba da rancen bargo. Wasu suka ce kuɗin akwati na sana'a ne, bargo kuwa ba ya kawo riba, da me za a biya? Wata dattijuwa a cikinmu ta ce ita dai bargonta ya ga ɗari biyar, iccen da ta saya jiya kuwa ko tokarsa an share. Ma'aji ta ce to a ɗauka daga asusun taimako, ba daga na rance ba, a fara da masu jarirai da masu kula da tsofaffi. An sa mata biyu su zagaya wurin masu bosho ranar kasuwa su jiyo farashi. Ranar zubi mai zuwa za a ɗaga hannu.