Hayar gidajen hutu a ƙauyukan Faransa: Su wane ne masu masaukin, kuma me ya kamata baƙo ya sani?

Da zarar an rufe makarantu a farkon watan Yuli, manyan hanyoyin Faransa kan cushe da motoci duk ranar Asabar. Iyalai ne ke barin Paris, Lyon, Lille da sauran birane zuwa karkara, kuma da yawansu ba otal suke nufa ba. Gida guda suke haya a ƙauye na mako ɗaya ko biyu, da gadajensa, da tukwanensa, da firigo, da farfajiyar da yara za su yi wasa. Faransawa na kiran irin wannan gida "gîte", wato masauki.

Ƴan Nijar da ke karatu ko aiki a can ma suna da abin mora a wannan tsari, musamman masu iyali da yawa, ko ɗaliban da ke haɗa kuɗi su fita daga hayaniyar birni. Sai dai hayar tana da ƙa'idojinta, kuma wanda bai san su ba zai iya asarar kuɗin da ya yi watanni yana tarawa.

Yadda abin ya samo asali

Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙauyukan Faransa sun yi ta zama kufai. Injinan noma sun rage buƙatar hannaye a gona, masana'antu kuma na kiran matasa zuwa birni. Bambancinsu da ƴan ci-rani na wajenmu shi ne, su ba sa komowa idan damina ta faɗi. Tsofaffi aka bari da gidajen dutse, da rumbuna, da garken dabbobi da rufinsu ke zubewa.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun a shekarar 1936 ma'aikatan ƙasar suka samu haƙƙin hutun mako biyu a shekara tare da albashi. Hutu ya samu, amma kuɗin otal ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi da ƴaƴa huɗu.

Wani ɗan majalisar dattawa mai suna Émile Aubert, wanda ke wakiltar yankin tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar, shi ya haɗa matsalolin biyu wuri guda. A shekarar 1951 aka buɗe gidan farko a ƙaramin ƙauyen Chaudol da ke ƙarƙashin garin La Javie. Manufar a sarari take: manomi ya gyara tsohon gini, ɗan birni ya biya haya mai sauƙi, kuɗi ya shigo ƙauye. Gwamnati ta ba da tallafi, bankuna suka ba da bashi. A 1955 aka kafa ƙungiyar Gîtes de France, kuma kundinta na farko ya ƙunshi gidaje 146. Yau gidajen da ke ɗauke da tambarinta sun kai dubun dubata.

Tsawon hutun ma ya yi ta ƙaruwa, ya koma mako uku a 1956, huɗu a 1969, sannan biyar a 1982. Duk ƙarin da aka yi, kasuwa ce ta ƙara buɗewa ga masu gidajen karkara. Italiya ma ta bi irin wannan hanya, inda a 1985 ta kafa dokar da ta ba manoma damar saukar baƙi a gonakinsu.

Iri biyu ne, kada a rikita su

Na farko shi ne gida sukutum. Mai shi zai tarbe ka, ya zagaya da kai, ya miƙa maka makulli, sannan ya koma gidansa, wanda galibi ba shi da nisa. Girki, wanke-wanke da shara duk naka ne. A lokacin babban hutu, yawanci daga Asabar zuwa Asabar ake ba da haya.

Na biyu shi ne ɗakin baƙi, wanda suke kira "chambre d'hôtes". Nan a gidan mutumin kake kwana, ana biya dare-dare, kuma karin kumallo na cikin kuɗin. Doka ta taƙaita shi: kada ya wuce ɗaki 5 da baƙi 15 a lokaci guda. Wasu masu masaukin kan ƙara da abincin dare a tebur ɗaya da iyalinsu. Girki ɗaya ake yi wa kowa, babu zaɓi kamar a gidan abinci, don haka wanda ba ya cin naman alade ko abin da aka dafa da giya sai ya faɗa tun ranar da yake kama ɗaki.

Otal-otal da taurari ake auna darajarsu. Ita kuwa ƙungiyar Gîtes de France da zangarniyar alkama take aunawa, daga ɗaya zuwa biyar. Kafin a ba gida wannan alama sai wakilin ƙungiyar ya je ya duba shi da idonsa, kuma ana komawa bayan wasu shekaru a sake dubawa.

Masu masaukin

Da farko manoma ne kusan dukkansu, kuma a gidaje da dama matan ne ke riƙe da harkar, daga amsa waya har lissafin kuɗi. Har yanzu akwai ƙungiyoyi irin su Bienvenue à la ferme da Accueil Paysan da ke haɗa manoma masu saukar baƙi. Ga mai kiwon shanu ko tumaki, kuɗin haya na cike giɓi a shekarar da farashin madara ya faɗi ko fari ya taɓa ciyawa.

Daga baya wasu suka shigo: ƴan fansho da suka gaji gidan iyaye, ma'auratan da suka gaji da zaman birni suka sayar da gidansu suka koma ƙauye, da Turawan Ingila da na Holan da suka sayi tsofaffin gidaje a yankuna irin su Dordogne.

Aikin ya fi yadda ake hangensa wuya. Ranar Asabar baƙi kan fita da misalin ƙarfe 10 na safe, sababbi su iso da la'asar. Cikin waɗannan sa'o'i ne za a sauya zannuwan gado, a goge banɗaki, a yanke ciyawa, a gyara abin da ya lalace. Akasarin ribar shekara a watannin Yuli da Agusta take shigowa, alhali inshora, haraji da gyaran rufi ba su san lokacin sanyi ba. Shi ya sa mai gida ke jin zafin mako guda da aka soke a tsakiyar kaka.

Bahaushe ya san irin wannan mutum. A zangon fatake na da, fatoma ne ke saukar baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Mai gîte na gari ma shi ke gaya maka ranar kasuwar garin, inda likita yake, da hanyar da ruwa ya yanke. Bambancin shi ne, a Faransa amanar da ke tsakaninku rubuta ta ake yi a takarda, kowa ya sa hannu.

Lissafin kuɗi

A ɗauki misali da gidan mutum goma da ake haya Yuro 800 a mako. A kuɗinmu ya kama kusan jika 525 na sefa, tun da Yuro ɗaya sefa 655,957 ne. Idan aka raba wa mutum goma na dare bakwai, kowa zai biya kimanin sefa 7.500 a dare. Ga kuma damar girka tuwo da miya a gida, maimakon sayen abinci sau uku a rana.

Amma farashin da ke kan talla ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin kwana da ma'aikatar magajin gari ke ɗorawa kan kowane baligi, ban da yara ƴan ƙasa da shekara 18. A gidaje da yawa ana biyan kuɗin shara na ƙarshe daban, zannuwan gado daban, sannan a lokacin sanyi akwai kuɗin ɗumama gida, wanda kan ba mutane mamaki. Akwai kuma kuɗin jingina da ake ajiyewa ranar shiga, a mayar maka idan ba ka lalata komai ba. Ma'aikatan da ke samun takardun tallafin hutu na hukumar ANCV na iya biya da su a gidaje da dama.

Kalmomi biyu da ke iya cinye kuɗinka

Doka ta wajabta a rubuta yarjejeniyar haya, a bayyana farashi da siffar gidan. A cikinta za a ga kuɗin kafin alƙalami, wanda sau da yawa kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashin. Abin dubawa shi ne sunan da aka ba shi.

Idan an rubuta "arrhes", kowa na iya janyewa. Kai idan ka fasa, ka rasa abin da ka bayar ke nan. Idan mai gida ne ya fasa, ninki biyu zai mayar maka. Idan kuwa "acompte" aka rubuta, ciniki ya faɗa, kuma ana iya neman ka biya cikon kuɗin ko da ba ka je ba, gwargwadon abin da yarjejeniyar ta tanada. Haka kuma wa'adin kwana 14 na fasa ciniki da aka saba da shi a sayayyar intanet bai shafi masaukin da aka kama na takamaimiyar rana ba.

Ranar shiga ana zagayen duba gida tare da mai shi. Duk abin da ka ga ya fashe ko ya tsage, ka sa a rubuta, ka ɗauki hoto da wayarka. Wannan takarda ce za ta raba gardama ranar fita.

Wani abin da ya fi shafar mutanenmu shi ne yawan jama'a. A gida, idan ɗan'uwa ya biyo ka sai a shimfiɗa masa tabarma. A can, gidan mutum takwas na mutum takwas ne, kuma mai shi na da ikon hana ragowar shiga. Wanda ke son yin walimar suna ko haɗuwar Sallah sai ya faɗi gaskiya tun farko, ya nemi gidan da aka tanada don taro, domin maƙwabta a ƙauye ba sa jinkirin kiran jandarma idan kiɗa ya yi dare.

Macuta ma na nan. Sukan kwafi hotunan gida na gaske, su sa farashi mai araha, su nemi a tura kuɗi da gaggawa ta hanyar da ba a iya dawo da shi. Duk wanda ya ja ka daga shafin da ka ga tallar zuwa biyan kuɗi a gefe, ka bar shi da gidansa.

Idan aka ƙi ka saboda sunanka

Wannan damuwa ce ta gaske ga baƙar fata da masu sunayen Musulunci. A Amurka, masu bincike na jami'ar Harvard sun aika wa masu gidaje kusan 6.400 saƙon neman masauki ta Airbnb a birane biyar. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa damar karɓar masu sunayen baƙaƙen fata ta yi ƙasa da ta farare da kimanin kashi 16 cikin ɗari. A 2018 kamfanin ya daina nuna wa masu gida hoton baƙo sai bayan sun amince da shi.

A Faransa, ƙin ba mutum haya saboda asalinsa, launin fatarsa, sunansa ko addininsa laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara uku da tarar Yuro 45.000, kusan miliyan 29 da rabi na sefa. Wanda ya gamu da haka ya adana saƙonnin da aka yi musaya, ya kai kuka ga hukumar kare haƙƙi ta Défenseur des droits, kuma kyauta ne.

Sai dai a lura, idan mai masauki ya ba ka takardar ƴan sanda ka cike, ba wariya ba ce. Doka ce ta ɗora masa yin haka ga duk baƙon da ba ɗan ƙasar ba.

Intanet ta sauya wasan

Kafin zuwan intanet, kundi ake saye, a buga waya, a aika cek ta gidan waya. Airbnb da aka kafa a 2008 a San Francisco, da Booking da sauransu, sun kawo wa masu gidajen karkara baƙi daga ko'ina a duniya, amma suna cire kamasho a kan kowace haya. Sun kuma buɗe ƙofa ga ƴan kasuwar da ke sayen gidaje da dama, su bar makulli cikin ƙaramin akwati mai lambobi, baƙo ya shiga ya fita bai ga fuskar kowa ba.

A wuraren da masu yawon buɗe ido suka yi yawa, kamar gaɓar tekun Bretagne da yankin Basque, abin ya juye. Tsarin da aka ƙirƙiro don riƙe mutane a garuruwansu ya fara korar su, domin malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ba sa samun gidan haya na shekara. Wannan ya sa majalisa ta amince da wata doka a watan Nuwamban 2024, wadda ake kira da sunan ƴar majalisa Annaïg Le Meur. Dokar ta rage rangwamen haraji: gidajen da aka tantance darajarsu da ɗakunan baƙi sun sauko daga kashi 71 zuwa kashi 50, waɗanda ba a tantance ba kuma kashi 30. Ta kuma ba magadan gari ikon rage kwanakin da mutum zai iya ba da hayar gidan da yake zaune a ciki daga 120 zuwa 90 a shekara.

Masu gidajen karkara da dama sun koka cewa an yi musu kuɗin goro da ƴan kasuwar birane, alhali a ƙauyukansu gidaje ne suka yi yawa, mutane suka yi kaɗan. A irin waɗannan wurare, baƙin hutu na cikin masu riƙe da shagon burodi da kantin da ya rage.

Ga mai shirin haya a bana, abu mafi sauƙi shi ne ya buga wa mai gidan waya kafin ya tura ko sisi. Ya tambayi nisan tashar jirgin ƙasa, domin ƙauyuka da yawa ba su shiguwa sai da mota. Ya tambayi inda kanti mafi kusa yake, ya kuma sayi naman halal tun daga birni. Ya duba ko inshorar gidansa ta haɗa da ɓarnar da ka iya faruwa a gidan hutu. Daga yadda mutumin ya amsa waɗannan tambayoyi za a gane ko akwai mai masauki a bayan tallar, ko kuwa akwatin makulli ne kawai ke jira a bakin ƙofa.