Kuɗin Makaranta da Idon Iyaye: Nazari Kan Ƙorafin da Ke Ƙaruwa a Ƙasar Gumel

A 'yan shekarun nan ƙorafin iyaye kan makarantun gwamnati a ƙasar Gumel ta jihar Jigawa ya sauya salo. Da can roƙo ake yi: a gina mana aji, a turo mana malami, a haƙa mana rijiya. Yanzu kuwa, daga cikin garin Gumel har ƙauyukan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tambaya ta fara maye gurbin roƙo. An ce an ware kuɗi, to ina suka shiga? Wa ya karɓi kwangilar ajin da iska ta yaye wa kwano tun damina ba ta yi nisa ba? Malamai nawa ne a takarda, nawa ke shiga aji? Wasu na ɗaukar wannan a matsayin surutun siyasa ko rashin godiya. Ni a ganina alama ce ta lafiya, kuma tana nuna ainihin inda ciwon yake. An gina tsarin ilimin firamare ta yadda kuɗi ke saukowa daga sama, bayani kuma yana komawa sama, sai aka bar wanda ya fi kowa asara in makaranta ta lalace, wato mahaifin yaro, ba ya ganin lissafi kuma ba shi da ta cewa.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a bi sawun kuɗin tun daga mafari. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar kula da shirin, wato UBEC, da ke Abuja. Jiha ba ta samun kason gine-gine na wannan kuɗi sai ta ajiye nata daidai da shi. In ta ajiye, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB da ke Dutse, ce ke tsara ayyukan, ita ke ba da kwangilar gini da kujeru. Albashin malaman firamare kuwa daga rabon ƙananan hukumomi ake cire shi, kuma shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. A ƙasa akwai sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, sai masu duba makarantu, sai hedimasta. Hedimasta na kai rahoto ga sakatare, sakatare na kai wa Dutse, Dutse na kai wa Abuja. Ko da kowane jami'i a wannan jeri mai gaskiya ne, a aikace babu wanda ci gaban aikinsa ya rataya ga gamsar da manomin da ɗansa ke zaune a ƙasa cikin aji.

Wannan tsari ya daɗe, to me ya sa yanzu ne murya ke tashi? Dalili na farko shi ne kuɗin sun ƙaru kuma kowa ya ji. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, rabon da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya hau sosai a lissafin naira, kuma Jigawa na cikin jihohin da ke ware wa ilimi babban kaso a kasafin kuɗinsu. Gwamna Umar Namadi ya ma keɓe wa ilimin matakin farko ma'aikata ta kansa. Duk wannan ana shelar sa a rediyo, kuma mutumin da ya ji an ambaci biliyoyi dole ya waiwayi makarantar ƙauyensu ya kwatanta. Na biyu, talauci ya toshe wa yawancin iyaye kowace mafita: rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Jigawa cikin jihohin da fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'arsu ke fama da talauci ta fuskoki da dama. Wanda ba zai iya biyan makarantar kuɗi ba, makarantar gwamnati ce kaɗai gadonsa. Na uku, wayar hannu ta sa hoton rusasshen aji na iya isa Dutse ta Facebook kafin rahoton mai duba makarantu ya bar teburinsa.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi zurfi. A tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin al'umma na kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, a kowace makaranta. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Jigawa. A 2015 kuma aka fara shirin NIPEP na dala miliyan 100 a Jigawa da Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato, wanda ya riƙa tura tallafi kai tsaye zuwa asusun makarantu. A nan ne dagatai da limamai da mata da matasa suka koyi zama su tsara buƙatun makaranta, su sa hannu a fitar da kuɗi, su adana rasit. Shirye-shiryen sun ƙare, amma darasin bai gushe ba. Al'ummar da ta taɓa gyara aji da hannunta ta san kuɗin buhun siminti da bandir ɗin kwano, kuma ba za ta sake kallon aikin ɗan kwangila da idon jahilci ba.

Illar barin waɗannan tambayoyi ba amsa ta fi ƙarfin ɓacin rai. A ƙasar gero da wake da riɗi, kowane yaro hannu ne a gona, kuma a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis saurayi na iya samun na cefane da korar dabbobi ko dako. Uban da ya tura ɗansa makaranta ya haƙura da wannan ne bisa alkawarin cewa yaron zai iya karatu da lissafi. In shekara huɗu ta wuce yaro bai iya haɗa baƙi ba, uban ba zai rubuta takardar koke ba, zai janye ɗansa ne kawai, 'yar kuma ta koma talla. Masu ɗan hali, wato ma'aikata da 'yan kasuwar da ake jin maganarsu a sakatariya, sukan kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi, sai makarantar gwamnati ta rasa masu tsaya mata. Fushin da ya rage kuma kan wanda ake gani yake sauka. Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗi a hannun ɗalibi, har da tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata uku, amma hedimastan da bai samu kuɗin gudanarwa ba, in ya nemi na alli ko na jarrabawa, shi ke zama ɓarawo a idon gari kan giɓin da ba shi ya haƙa ba.

Shin buɗe lissafi na iya sauya wani abu? Misalin Yuganda ya isa hujja. Binciken da aka yi kan shekarun 1991 zuwa 1995 ya gano cewa kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin gudanarwa da gwamnati ke turawa ke isa makarantun firamare, sauran na maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma umarci makarantu su manna abin da suka karɓa a bainar jama'a. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin ɗari. Wasu gyare-gyare sun taimaka, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake samun jarida su suka fi cin moriya. Jami'an ba su sauya ba, sanin cewa wani na iya tambaya ne ya sauya halinsu.

Mai suka zai ce yawancin iyayen karkara ba su yi boko ba, ta yaya za su sa ido kan abin da ba su fahimta ba? Wannan suka na da nauyi, kuma hujjarta na maƙwabtaka da mu. A Nijar, inda aka kafa irin waɗannan kwamitocin makaranta da ake kira COGES, an gwada ba ɗaruruwan makarantu tallafi a jihohin Tawa da Damagaram wajen 2007. Iyaye sun ƙara himma, sun ƙara shiga harkar makaranta, amma ba a ga ƙaruwar koyo ba a ɗan lokacin da aka auna, kuma fashin malamai bai ragu ba. Sai dai abin da wannan ke koyarwa shi ne himma ba ta wadatarwa in babu iko, domin malamin ya san albashinsa da canjin wurin aikinsa ba sa hannun kwamiti. Game da rashin boko kuwa, mutumin da ke cinikin raƙuma da shanu tsakanin naira da sefa a Maigatari bai gaza ƙirga kujeru arba'in ba. Ba a buƙatar digiri kafin a san malami ya zo ko bai zo ba, ko bango ya tsage. Abin da ya shafi manhaja da dabarun koyarwa a bar wa masana, abin da ido ke gani kuma a bar wa masu ido a wurin.

Wani zai ce matsalar ita ce kuɗin ba su isa ba, yara na ƙaruwa fiye da ajujuwa, kuma su kansu iyayen na da laifin riƙe yara a gona da damina da lokacin girbi. Duka gaskiya ne. Amma ƙarancin kuɗi dalili ne na ƙara tsantseni wajen kashe su, domin mai tulu ɗaya shi ya fi kowa kula da yoyo. Batun malamai ma haka yake: Kwalejin Ilimi ta jihar tana nan a Gumel tana yaye masu shaidar koyarwa duk shekara, gwamnati kuma ta ɗauki malamai ta shirin J-Teach, amma ɗauka daban, rabawa daban. Sanannen abu ne a Arewa cewa mai uwa a gindin murhu kan nemi a bar shi cikin gari, ƙauyen da ke bakin iyaka kuma ya tashi da malami ɗaya ko biyu. Laifin iyaye kuwa ba ya wanke hukuma. Hasali ma, kwamitin da aka ba mutunci shi ya fi kowa iya bin gida gida ya dawo da yara aji, domin maganar liman da mai unguwa ta fi ta sufeto shiga.

Akwai kuma masu ganin hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, zai warware komai. Tarihi na gargaɗi a nan. A 1991 gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988, ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar makarantun, sai albashin malamai ya riƙa maƙalewa, yajin aiki ya yawaita, har aka maido da hukumar a 1993. Matso da kuɗi kusa da jama'a ba ya nufin jama'a za su gan su. Ciyaman ɗin da ba ya bayani bai fi kwamishinan da ba ya bayani ba.

Saboda haka gyaran da ake buƙata ƙanana ne a kuɗi, manya a tasiri. A kafa doka cewa kowane aikin gini ko gyara sai an manna takardarsa a ƙofar makaranta da Hausa, da boko da ajami: sunan ɗan kwangila, adadin kuɗi, abin da za a yi, da ranar gamawa. Kada a biya kason ƙarshe na kwangila sai shugaban kwamitin makaranta da wakiliyar mata sun sa hannu tare da injiniyan Hukumar Bin Ƙa'ida da Sa Ido Kan Ayyuka ta jihar. A manna sunayen malaman da ke cin albashi da sunan kowace makaranta. A ba kowace makaranta kuɗin gudanarwa kai tsaye kowane zangon karatu gwargwadon yawan ɗalibanta, a kuma shelanta adadin a rediyo. Sakataren ilimi na kowace daga cikin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ya zauna da iyaye a fili sau ɗaya a zango, a gaban hakimi, ya amsa tambayoyi. Sannan a bar al'umma ta zaɓi 'yan kwamitinta da kanta, kada ya zama jerin abokan hedimasta ko na kansila.

Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta. Adalci bai yarda a ɗora wa mutum wajibi a kuma hana shi sanin yadda ake sarrafa dukiyar da aka ware da sunan ɗansa ba. Gwamnatin da ta tabbata tana kashe kuɗin ilimi bisa gaskiya ita ce za ta fi kowa amfana da buɗe littafi, domin shi zai raba jami'i mai amana da maci amana, ya kuma mayar da masu ƙorafi abokan aiki. Iyayen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ke tambaya a yau su ne waɗanda ba su yanke ƙauna daga makarantar gwamnati ba, kuma ya wajaba a amsa musu tun suna da sauran sha'awar tambaya.