Buhun taki da sifili: Darasin farko ga masu koyon rubuta manhaja a Kudancin Kaduna

Koyon kwamfuta ba baƙon abu ba ne a Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana horar da matasa a unguwar Bayan Loco, ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. A 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannin fasahar zamani. Abin da ya rage wa masu tsara irin waɗannan shirye-shirye a Abuja shi ne sanin yadda za a bambance wanda ya iya da wanda ya kwafa. Akwai wani tsohon darasi da ke saurin raba su, wato warware lissafai biyu ko fiye masu ɗauke da adadin da ba a sani ba.

A ɗauki misalin manomin citta a Kachia, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin bayani kawai. Gonarsa na buƙatar kilo 76 na sinadarin naitirojin da kilo 30 na fosfet. A kasuwa akwai yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari ba tare da fosfet ba, da kuma kamfa 15-15-15, mai kashi 15 na kowanne. Nawa zai saya? Kamfa kaɗai ke ba da fosfet, don haka sai kilo 200. Wannan ya kawo naitirojin kilo 30, saura 46, wanda yuriya kilo 100 za ta cike. Buhu huɗu na kamfa ke nan da biyu na yuriya.

Hanyar da kwamfuta ke bi ita ce amfani da layi ɗaya a kawar da adadi guda daga sauran layukan, har a kai ga layin da ba a san abu ɗaya tak a cikinsa ba, sannan a koma baya ana cike gurabe. Ana jingina ta ga Bajamushen nan Carl Friedrich Gauss, wanda ya rasu a 1855, ko da yake masana lissafi na ƙasar Sin sun rubuta ta kimanin shekara dubu biyu da suka wuce.

A nan sabon ɗalibi yake tuntuɓe. Idan ya sa layin fosfet a sama, yuriya kuma a ginshiƙin farko, lambar da manhajarsa za ta fara rabawa da ita sifili ce, nan take aikin ya tsaya. Maganin shi ne a koya wa manhajar musanya layuka, ta ɗauko mai lamba mafi girma a ginshiƙin ta ɗora a sama. Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa: in takin biyu duk kamfa 15-15-15 ne daga kamfanoni daban-daban, babu haɗin da zai ba da 76 da 30. Manhaja ta gari za ta faɗi haka ƙarara.

A harshen Python, rumbun NumPy yana warware duk wannan da umarni guda, kuma shi ƙwararru ke amfani da shi. Amma wanda bai taɓa rubuta matakan da hannunsa ba, ba zai gane dalili ba ranar da umarnin ya ƙi aiki. Shawarar ita ce ya fara da takarda da biro, ya rubuta tasa manhajar, ya gwada ta da NumPy, sannan ya mayar da amsar cikin lissafin asali ya ga ko ta daidaita.

Lamarin ya wuce gona. Da irin wannan lissafi Wassily Leontief ya auna yadda sassan tattalin arziki ke dogaro da juna, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1973. Don haka jami'in da zai tantance cibiyar horarwa a Kafanchan ko Zonkwa kada ya tsaya ga ƙirga takardun shaida. Ya miƙa wa ɗalibi lissafin taki mai sifili a farkon layi, ya ga yadda zai yi da shi.