Mai Kafa Talabijin: Sana'ar da Ido Ke Yi

A layin masu kayan lantarki na kasuwar Sabon Gari a Kano, shaguna da yawa suna da yaron da ke bin kaya har gida. A jakarsa akwai injin huda bango, kusoshi, ma'aunin gane karkata da wayoyin HDMI. Wasu na kiransa mai dish, wasu injiniya, kuma galibi ana ɗauka aikinsa rataye talabijin ne kawai. Wanda ya ƙware a cikinsu ya wuce nan, domin shi ke tsakanin mai saye da asara.

Tun a shago aikinsa ke farawa. Uban amarya ya zo haɗa kayan ɗaki, idonsa na kan mai inci 55, sai mai kafawar ya tambaye shi: "Alhaji, taku nawa ne daga kujera zuwa bango?" Talabijin mai wannan girman tana son tazarar kimanin mita 2 zuwa 2 da rabi. Sai tambaya ta biyu, me za a riƙa kallo? Mai 4K tana da ɗigon hoto 3840 a kwance, 2160 a tsaye, ninki huɗu na mai 1920 da 1080. Amma idan dikodar gidan hoto mai rauni take bayarwa, babban gilashi aibin kawai zai faɗaɗa. Ta uku kuwa maganar wuta ce: sola ce ko janareto, kuma an tanadi abin kare ta daga wutar da ke dawowa da ƙarfi?

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da yake yi bayan ya ɗaure kusa ta ƙarshe. Talabijin a shago a kan saiti mafi ƙyalli take, don ta yi takara da na kusa da ita a ƙarƙashin fitilu masu yawa. A ɗaki wannan saitin yana gajiyar da ido, ya mai da fatar mutum ja ko ruwan lemo. Sai ya ɗauki rimot ya fitar da ita daga yanayin shago, ya koma saitin fim. Ya nemo tashar da ake nuna fuska kusa, kamar mai karanta labarai, ya rage launi har fatar ta yi kama da ta mutumin da ke zaune a gefensa. Ya jira wanda ya sa baƙar riga, ya daidaita duhu har ninkin rigar ya fito, ba tare da baƙin ya koma toka ba. Farar babbar riga ma haka, sai ya ga zanen aikin da ke ƙirjinta. Kaifin hoto kuwa ragewa yake yi, don yawansa ne ke sa farin layi a gefen fuska.

Yana kuma gyara abin da gidaje da yawa suka saba da shi har suka daina gani. Tsofaffin finafinan Hausa an ɗauke su ne a ma'aunin 4:3, talabijin ta yanzu kuwa 16:9 ce. Idan aka tilasta hoton ya cika gilashi, kowa sai ya yi ƙiba da gajarta. Gara a bar baƙin fili a gefe biyu. Wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, cire ta yake yi ya sa HDMI idan dikodar tana da wurinta.

Rage hasken fitilun da ke bayan gilashi ma kuɗi yake ceto. Waɗannan ƙananan fitilu, idan aka bar su a ƙure kullum, zafi na cinye su. Shi ya sa ake kai wa masu gyara talabijin mai magana ba hoto. Mai gyara ya haska tocila a jikin gilashi, ya hango hoton a dushe, nan take ya san fitilun ne suka mutu.

Abin takaici, sau da yawa ana sallamarsa da zarar talabijin ta kama, kafin ya taɓa saiti, kuma a tsaya ciniki a kan ɗan ladansa. Mai karatu, ranar da za a kafa maka, ka ba shi minti 15 da rimot, ka zauna inda za ka riƙa zama, sannan ka biya shi haƙƙinsa cikakke.